Baba Rawar Hannu

Ranar da abin ya fara, Mai Aski bai san an fara komai ba. Ya dawo gida cin abincin rana, yana zaune a tsakar gida, jikarsa Mai Kumatu a kan cinyarsa ta ƙulle baki ta ƙi cin shinkafa. Yarinyar ba ta cika shekara uku ba, amma in ta ce a'a, ko alƙali sai ya ɗage zama. Uwarta ta yi lallashi, ta yi barazana, ta haƙura. Dabara ɗaya ce ke buɗe bakin nan, kuma kakanta ne ya ƙirƙiro ta. Zai ɗebo shinkafa a cokali, sai ya sa hannunsa ya kama rawa kamar an jona masa wuta, cokalin ya nufi kunne, ya dawo ya nufi hanci, rabin shinkafar ta watse a ƙasa, shi kuwa yana zare ido yana cewa, "Ku riƙe mini shi, zai gudu." Sai yarinya ta tuntsire da dariya, baki ya buɗe, cokali ya faɗa ciki.

Autarsa na gefe da waya. Ita dai kullum tana gefe da waya. Mayafai da turare take sayarwa a shafinta, kuma a lokacin masu bin shafin ba su wuce ƙawayenta ba, sai wata goggonta da ke tambayar kuɗin komai ba ta sayen komai. Auta ta ɗauki bidiyon wasan. Da ta zo ɗorawa sai ta tuna Yaya, uban yarinyar, ya taɓa ja mata kunne kada ta kuskura ta nuna masa fuskar 'ya a duniya. Yarinya mai biyayya, sai ta yanke ɓangaren jikar. Abin da ya rage shi ne tsoho shi kaɗai, hannu na karkarwa, shinkafa na zuba, yana roƙon a riƙe masa cokali. Ta rubuta a ƙasa, "Babanmu da cokali, kullum sai an yi dambe." Ta ɗora, ta tafi wanke kwanuka.

Shagon Mai Aski ɗan ƙarami ne a bakin titi, tsakanin mai faci da mai kantin magani. Kujera ɗaya mai juyawa, benci ɗaya na masu jira, madubi mai tabo a kusurwa. Yana da inji kamar kowa, amma ba don inji ake zuwa wurinsa ba. Askarsa ake bi. In ya shafa maka kumfa, ya ɗaga haɓarka da yatsa ɗaya, ya bi da aska daga ƙasan kunne zuwa maƙogwaro, sai ka tashi kana shafa fuska kana neman inda gashin ya taɓa zama. Mutane kan yi barci a kujerar nan da aska a wuyansu.

Bayan kwana biyu wani direba, tsohon mai zuwa, ya zauna aka ɗaura masa tawul aka shafa kumfa. Mai Aski ya buɗe aska yana wasa ta a jikin fata. Direba ya kalli askar ta madubi.

"Baba, yau dai a yi da inji."

"Inji a maƙogwaro? Yaushe ka zama ɗan makaranta?"

"Ga shi ana kirana," in ji direba, ya ɗora waya a kunne. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ya fita da kumfa a fuska da tawul a wuya, ya shiga mota ya ja. Da yamma yaron motarsa ya dawo da tawul ɗin.

Mai faci ne ya tausaya masa, ya goge hannu a wando ya nuna masa bidiyon. Mai Aski ya kalla ya yi dariya har da buga cinya, don gaskiya abin akwai ban dariya. Sai mai faci ya ja yatsa ƙasa yana karanta masa abin da mutane suka rubuta. Wannan ya ce Allah ya ba Baba lafiya. Waccan ta ce haka kakanta ya fara, wata shida aka yi zaman makokinsa. Wani ya raɗa masa suna Baba Rawar Hannu, sunan kuwa ya zauna daram. Can ƙasa wani ya rubuta, "Kai, ba wannan ne mai askin kusa da kantin magani ba? Jiya ya sa mini aska a wuya. Zan yi sadaka."

Mai Aski ya daina dariya.

Da ya koma gida ya tara su a falo, uwargida da Yaya da Auta.

"Baba, ni fa ban ce ba ka da lafiya ba," in ji Auta. "A duba a gani, ina na rubuta ciwo?"

"To ki cire."

"Ko na cire an riga an kwafa. Kuma Baba, ka san mayafi nawa na sayar daga jiya zuwa yau?"

"To ki ɗora na gaskiyar, wanda yarinyar ke ciki, a ga wasa nake yi mata."

Yaya ya gyara zama. Ma'aikacin ofis ne, kuma in zai yi magana yakan haɗa yatsu kamar mai shugabantar taro. "A'a Baba, ban da wannan. 'Yata ba za ta shiga waya ba. Ba ka san duniyar nan ba ne. Hoto in ya shiga ba ya fita, har girmanta zai bi ta."

Mai Aski ya dubi ɗansa. "Ni kuma a bola aka tsinto ni?"

"Kai ai babba ne, Baba. Me zai same ka?"

"Haba Malam," in ji uwargida, tana gyara wani sabon mayafi da bai taɓa gani a kanta ba. "Kai da ba wanda ya san ka sai masu gemu. Yau a kasuwa mai kifi har ƙari ta yi mini, ta ce in gaishe ka da jiki. Son ka ake yi."

"Ba so nake nema ba, wuyan da zan aske nake nema."

Suka yi dariya su duka. Auta ta ce da ma wayar na kunne lokacin da ya faɗi wannan.

Daga nan gidan ya zama gidan kallo. Masu bin shafin suna tambayar Baba, Auta kuwa ba ta son ta ba mutane kunya. Ta ɗora shi yana minshari bayan azahar, baki buɗe, ta sa masa kiɗa. Ta ɗora haƙoransa na roba a cikin kofi a kan taga, abin da ko aminansa ba su san yana da shi ba. Ta ɗora shi zai shiga wanka da bokiti da guntun tawul. In ya yi magana ta ce ai ba a ga komai ba. In ya kai ƙara wurin uwarta, uwar ta ce yarinya na neman na kanta, ya fi ta zauna tana roƙo. In ya kai wa Yaya, Yaya ya ce abin yayi ne, mako ɗaya za a manta.

Ba a manta ba. Kyauta ma ta fara zuwa. Wata baiwar Allah ta aiko da cokali mai ƙaton mariƙi na masu shanyewar jiki. Wani ya aiko da kofin roba mai murfi, irin na jarirai. Wani mai tallan maganin gargajiya ya zo har gida yana neman a ba shi hoton Baba biyu, ɗaya yana karkarwa ɗaya yana murmushi, zai manna a jikin kwalba. Uwargida ta ba shi ruwa, ta ce sai an yi shawara.

Mai Aski ya koma cin abinci a ɗaki, ƙofa a rufe. Sai ya hango waya ta taga. Ya juya wa tagar baya, aka ɗora ƙeyarsa, aka rubuta Baba ya yi fushi. Saboda tsoron kada ko ɗigo ɗaya ya zuba a kama shi, ya fara riƙe kofin shayi da hannu biyu. Wannan ya fi komai tabbatar wa mutane ciwon ya yi nisa.

A shago benci ya yi ƙura. Mutane kan leƙo, amma ba aski ya kawo su ba. Su gaishe shi da jiki, su tsaya kusa da shi su ɗauki hoto, wani ma ya ce, "Baba ɗan girgiza mana." A tsallaken titi wani matashi mai inji uku da fitila mai launi ya ƙara benci.

Mutum ɗaya ya rage masa, Tela, amininsa tun suna samari, wanda wayarsa ko hoto ba ta nunawa. Ranar da ya saba zuwa ya zo, amma da rawani naɗe a wuya cikin tsananin zafi.

"Mura kake yi?"

"Ni na yarda da kai," in ji Tela yana warwarewa a hankali. "Ko a gaban wa zan faɗa. Matata ce dai ta ga abin a wayar maƙwabta. Ta ce in har sai na zo, in gaya mata inda na ajiye takardun gida."

"Ka gaya mata?"

"Na gaya mata. Amma na yarda da kai."

Ya zauna, ya runtse ido, ya kama hannun kujera, leɓɓansa na motsi tun daga kumfa har goge fuska. Aski ya fita tas, ko ƙwarzane babu. Tela ya shafa wuyansa, ya duba tafin hannu, ya yi hamdala mai tsawo kamar wanda ya sauka daga jirgi. Mako na gaba bai zo ba. Da suka haɗu a hanya ya ce ya yanke shawarar ajiye gemu, shekaru sun ja. Cikin ɗan lokaci duk tsofaffin layin suka ajiye gemu. Ba a taɓa ganin unguwa ta kama kamala haka da sauri ba.

Mai kantin magani ya fara leƙowa yana auna bangon da ke tsakaninsu da ido. "Tunda ka kusa hutawa, Baba, in ka tashi sakin shagon ka fara gaya mini. Zan fasa nan in faɗaɗa." Ya ƙara da cewa akwai wani magani sabon zuwa, zai yi masa ragi.

A nan ne Mai Aski ya ce bari ya yaƙi waya da waya. Ya sayo balan-balan, ya hura, ya shafa mata kumfa kamar fuskar mutum, ya ce Auta ta ɗauka. Ya bi da aska sannu a hankali, ya kwashe kumfar tas, balan-balan ko gezau. Ya sake da wata, ya sake da wata. Ya ce ta ɗora, ta rubuta hannun babanta lafiya lau. Ta ɗora kuwa, ba za a yi mata ƙarya ba. Goggon nan ce kaɗai ta yi magana a ƙasa, ta tambayi kuɗin balan-balan.

Washegari Auta ta ce haske ne bai yi kyau ba, a sake. Ta jingina wayar a kan kujera, ta tsaya a bayansa don ta riƙe masa balan-balan ɗin. Ya kai rabi, ya sunkuyo yana bin gefe, sai ta zare allurar mayafinta. Fau. Kumfa ta wanke masa fuska, aska ta faɗi, ya yi tsalle ya taka wutsiyar kyanwa, haƙoran roba suka yi gaba suka bar shi.

Wannan bidiyon har ƙasashen da ba a jin yarensa ya kai.

"Baba, ka fahimce ni," in ji Auta, ganin ya kwana biyu bai amsa gaisuwarta ba. "Wancan ba wanda ya kalla. Wannan in sun kalla za su so su san ka, sai su koma baya su ga wancan. Talla nake yi maka."

"Ka yi haƙuri Malam, yarinta ce," in ji uwargida. "Amma fa yadda kyanwar ta yi..." Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Ranar hutun Yaya, Mai Aski ya ce duk su biyo shi shago. Ya share, ya goge madubi, ya wasa aska. Ya ce wa Auta ta kunna waya, daga farko har ƙarshe, ba yanka ba kiɗa. Ya juya kujera ya nuna wa ɗansa.

"Zauna. In mutane suka ga ɗana ya ba ni wuyansa, magana ta ƙare."

Yaya ya zauna. Uban ya ɗaga haɓarsa da yatsa ɗaya, sai ya tsaya. A ƙasan kunne akwai layin gyaran fuska, an ja shi da inji, ya karkace kaɗan. Mai aski ya san aikin hannunsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Wannan ba nasa ba ne.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Sauri nake ranar, Baba. Ka fita sallah, sai na tsallaka."

Mai Aski ya ɗaura masa tawul, ya kaɗa kumfa, ya shafa. Tun yaron nan na jariri shi ke yi masa aski, a kujerar nan, da ana ɗora masa katako don ya kai madubi. Ya buɗe aska, ya kawo ta gefen wuya. Kafin ƙarfe ya taɓa fata, hannun Yaya ya taso ya cafke wuyan hannun ubansa.

A waje ana jin mai faci yana buga taya.

"Baba, bari dai. A yi da inji."

"Ka san gaskiyar abin. 'Yarka ce a cinyata. Saboda kai aka cire ta."

"Na sani, Baba." Yaya na magana kumfa na motsi a leɓensa. "Amma mutanen nan suna da yawa. Akwai wani likita ma da ya yi bayani a ƙasan bidiyon, ya ce irin wannan ciwon mai shi ne ƙarshen sani. Kuma na ga yadda kake riƙe kofi yanzu."

"Kai, wannan zai zagaye duniya," in ji Auta daga bayan waya. "Yaya, ka ga idonka kuwa? Kamar an kama ɓera."

Yaya ya miƙe zumbur, tawul na lilo a ƙirjinsa. "Ke, kada ki kuskura. Ni ma'aikaci ne, ana ganin mutuncina a ofis. Kina so in shiga taro ana nuna ni da baki? Goge shi yanzu ina kallo."

"Ki goge mana," in ji uwargida. "Ba ki san aikin mutum abincinsa ba ne?"

Auta ta turo baki, ta danna wayar sau ɗaya da babban yatsa. Ta nuna wa yayanta. Bidiyon ya tafi.

Mai Aski ya leƙa shi ma, aska a hannu. Ya dubi wayar, ya dubi yatsan, ya dubi matarsa.

"Ashe yana goguwa," in ji shi.

Yaya ya wanke fuska ya ce yana da wani uzuri. Uwargida ta tuna ta bar tukunya a wuta. Mai Aski ya wanke buroshi, ya goge aska ya naɗe ta a ƙyallenta, ya sa a aljihu. Da yamma ya ƙwanƙwasa wa mai kantin magani ya miƙa masa makulli. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, ya yi masa addu'ar samun sauƙi. Kujerar mai juyawa matashin tsallaken titi ne ya ɗauke ta, ya ce zai ajiye ta a ƙofa don mutane na son ɗaukar hoto a kujerar Baba Rawar Hannu.

Ba wanda ya zage shi a gidan nan, ba wanda ya hana shi abinci. In ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa zai rantse yana ƙaunarsa, kuma ba ƙarya zai yi ba. Sun san hoto na bin yarinya har girmanta, sun san yana bin ma'aikaci har ofis. Tsoho ne kawai suka ɗauka ya gama zuwa ko'ina, don haka ba inda abu zai bi shi. Auta ta cika ɗakin baƙi da kwalayen mayafai, ta sa wa shafin sabon suna da hotonsa a sama. Uwargida na gaya wa maƙwabta ai su suka matsa masa ya huta.

Yanzu kullum yana gida. Wata rana da azahar Mai Kumatu ta ƙulle baki ta ƙi cin shinkafa. Uwarta ta yi lallashi ta gaji. Yarinyar ta sulale daga hannunta, ta ɗauko cokali, ta hau cinyar kakanta ta danƙa masa.

"Kaka, zai gudu," in ji ta, tun kafin a fara tana shirin dariya.

Mai Aski ya ɗebo shinkafa. Ya ɗaga ido. A bakin taga, tsakanin labule da bango, gefen waya ya leƙo.

Ya miƙa cokalin kai tsaye, a hankali, kamar yadda yake bin wuyan mutum da aska. Ko ƙwaya ɗaya ba ta motsa ba. Cokali ya isa bakin yarinya ya tsaya. Ta kalli cokalin, ta kalli kakanta, ta jira. Da ta ga ba abin da zai gudu, sai ta kawar da kai, leɓenta na ƙasa ya fara rawa.

"Haba Baba," in ji Auta ta taga. "Ka ɗan yi mana. Mutane na ta tambayar ko lafiya."

Bai juya ba. Hannun na nan a miƙe a iska, cokali cike, tsaye cak. Ba a ɗauki wannan ba, don ba wanda zai kalla.